Kududdufin Unguwa da Filin Bakinsa: Shin Mazauna Suna da Ta Cewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar taimakon kai da kai ta wata unguwa a cikin birnin Kano. Muna da tsohon kududdufi wanda rabinsa ya zama juji. A bakinsa akwai fili, nan yara ke buga ƙwallo, nan ake sallar jana'iza in mutane sun yi wa masallaci yawa, nan ake kafa rumfar biki. Kwanan baya wasu suka zo da na'urar awo, suka yi aune-aunensu suka tafi. Wasu na cewa shaguna za a yanka, wasu na cewa wurin shaƙatawa za a yi. Yanzu an ce za a kira mu taron jin ra'ayi. Dattawanmu sun ce ɓata lokaci ne, an riga an gama magana a sama. Shin da gaske ra'ayin mutanen unguwa yana canja wani abu a tsarin gari, ko hoto kawai ake son ɗauka da mu? In yana canjawa, ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri kan hidimar da kuke wa unguwa. In na fahimce ka, kana son sanin ko zuwa taron nan zai yi amfani, in kuma zai yi, me ya kamata ku riƙe a hannu ranar da za ku shiga. Aikina tsara birane ne, kuma shekarun da na yi ina kai-kawo tsakanin teburin zane da lungunan unguwanni sun nuna mini cewa maganar mazauna tana canja abu. Na ga ta canja da idona. Sai dai wadda ke da nauyi ita ce wadda ta iso kafin a kammala zane, ta zo a rubuce da hujja, ta kuma fito daga bakin waɗanda ke amfani da wurin kullum. Wadda ta zo bayan an ba da kwangila ihu ce bayan hari. Dattawanku abin da suka sha gani suke faɗa, kada ka raina maganarsu. Amma zuwan masu awo ba ya nufin an rufe littafi. Sau da yawa awo shi ne aikin farko, kuma Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Yadda aka yi filinku ya zama "ba na kowa ba"

Kududdufin nan naku ramin da aka haƙo gidajen kakanninku ne. Birnin Kano da ƙasarsa aka gina shi. Daga ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, zuwa gidajen da suka kewaye Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, duk tubalin da aka ɗora daga wani rami aka ɗebo ƙasarsa. Ramin sai ya zama matattarar ruwan sama, kwatar kowane gida ta nufe shi. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke: inda aka ɗebi ƙasa, nan ruwa ke komawa. Haka ma gindin durumi da ya zama majalisa, da dakalin ƙofar gida, da lungun da ya lanƙwasa don ya kauce wa rijiya. Amfanin yau da gobe ne ya yi su, mai unguwa kuma shi ne shaidar iyaka in an yi ciniki ko rabon gado. Ba ina cewa zamanin nan kowa ana tambayarsa ba ne. Gyaran ganuwa bayan damina umarnin sarki ne, ba a neman yardar talaka. Amma a ƙananan al'amura na cikin unguwa, mai yanke hukunci yana zaune ne a inda hukuncin zai faɗa, in ya yi kuskure shi ma ruwan zai shiga zaurensa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, tsara gari ya koma aikin ofis. Tun 1910 dokar mulkin mallaka ta ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazauni, har da tazarar yadi 440 da ba a gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A 1963 aka yi wa Kano babban tsari na shekara 20 wanda ake kira da sunan mai zanensa, Trevallion. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ba da takardar mallaka a cikin birni, da ikon soke ta domin maslahar jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kan ƙasar.

Ka ga inda matsalarku take. Filin da mutane ke cika daga asuba zuwa bayan isha, in ba shi da takarda da sunan kowa, a taswirar ofis fari fat yake fitowa. Wanda ke kallon taswirar bai taɓa ganin sahun jana'iza a wurin ba, bai san cewa ranar da aka yi ruwan awa uku ramin nan ne ke hana gidajenku cika ba. Ba lallai mugu ne ba. Abin da ke gabansa kawai yake gani, wato fili mara amfani a tsakiyar gari inda kowane taku kuɗi ne. Aikinku na farko shi ne ku cike wannan farin wuri da bayani, har ya zama ba mai iya kallonsa ya ce babu kowa.

Doka ba ta rufe muku ƙofa ba. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, su kawo ƙorafi a rubuce. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara garuruwan jihohi hurumin jihohi ne, don haka ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ta jiha ce: Hukumar Tsara Birane ta Kano, wato KNUPDA, da ma'aikatar ƙasa. Kuma mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa in makomar filin jama'a ta dogara da wanda ke kan kujera kaɗai. Shagunan da aka gina a Filin Idi a zamanin wata gwamnati, wadda ta biyo ta ta rushe su a watan Yunin 2023, magana ta kai kotu, dukiya mai yawa ta salwanta. Abin da aka ƙulla a ofis kaɗai, a ofis ake kwance shi. Wannan hujja ce da za ku iya faɗa wa jami'ai cikin ladabi: aikin da mazauna suka sa hannu a kai ya fi daɗewa.

Taron jin ra'ayi iri-iri ne

A 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar jama'a cikin tsarin gari da tsani mai matakala 8. A ƙasa akwai taron da ake kira don a lallashi mutane su amince da abin da aka riga aka yanke. A tsakiya akwai wanda ake sanar da ku, ko a saurare ku, ba tare da alkawarin cewa abin da kuka faɗa zai taɓa zanen ba. A sama ne ake samun haɗin gwiwa na gaskiya, inda mazauna ke da kujera a wurin yanke hukunci, wani lokaci har da riƙon kuɗi. Yawancin tarurrukan da na halarta a tsakiya suke, kuma tsoron da dattawanku ke ji ke nan.

Za ku iya gane matakalar da aka ajiye ku tun a minti goma na farko, in kun yi tambayoyin da suka dace. Ku tambaya ko zanen da aka kawo daftari ne ko na ƙarshe, ko an riga an ba da kwangila ko an yanka wa wani fuloti, da kuma wane ɓangare ne har yanzu ake iya canjawa. Ku tambayi wanda ke rubuta bayanin taro, ku nemi a ba ku kwafi, ku nemi ranar da za a dawo muku da amsa. Jami'in da ya zo da gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma daɗi yake ji, domin shi ma yana neman abin da zai kare kansa da shi in an matsa masa daga sama. Abu ɗaya da nake roƙonku: takardar halarta da za a zagaya da ita, ku karanta kanta kafin ku sa hannu. In an rubuta cewa ta masu halarta ce, to. In an rubuta cewa ta waɗanda suka amince ce, ku dakata.

Su wa ake nufi da "jama'a"?

Nan ne na fi son in daɗe, domin nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Shekarun baya aka ba mu aikin gyara wani fili a wata unguwa. Muka kira taro bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa da limamai da shugabannin matasa suka cika wurin, aka yi magana mai ma'ana. Suka ce suna son katanga saboda masu shaye-shaye da ke taruwa da dare, suna son ƙofar ƙarfe, da intalok, da fitila. Muka rubuta, muka zana, aka gina, na koma gida ina ganin mun yi abin da jama'a ke so. Bayan shekara guda na koma. Ƙofar na kulle da kwaɗo, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya. Ciyawa ta tsiro tsakanin intalok. A bangon gabas kuwa an fasa rami daidai tsawon yaro, wani kuma a bangon yamma, su biyun suna kallon juna. Da na tsaya na duba, sai na tuna cewa ranar da muka fara awo akwai wata 'yar siririyar hanya da ƙafa ta daddaɓe, ta ratsa filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Hanyar 'yan mata ce masu kai markaɗe inji, da yara masu ɗebo ruwa a rijiyar burtsatse. Katangarmu ta sa su zagaye mai nisa ta bakin titin mota da bokiti a ka. Wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana tuyar ƙosai a gindin darbejiyar wurin ta koma bakin kwata, cinikinta ya karye. Babu ɗayansu da ya zo taronmu, domin ba a kiran irinsu taron ƙofar gidan mai unguwa, mu kuma ba mu je inda suke ba. Hanyar nan da ke ƙasa ita ce ra'ayinsu, a rubuce ƙarara, muka taka ta muka wuce.

Tun daga lokacin ba na yarda da taro ɗaya. Mata a unguwanninmu su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya, da lungun da yarinya ba ta iya bi bayan magariba, da ramin da yaro ya taɓa faɗawa. Ba za su zo su yi magana a gaban surukansu ba, kuma bai kamata a tilasta musu ba. A je musu ta hanyar malamar Islamiyyar matan aure, ko uwar adashi, ko ungozoma, mace ta shiga gida ta zauna ta saurara. Yara kuma a ba su tsinke su zana filin a ƙasa, za ka sha mamakin abin da suka sani. Sannan akwai 'yan haya, waɗanda a wasu unguwanni sun fi masu gida yawa amma ba a lissafa su, da 'yan ga-ruwa masu tura kura, da mai shayi, da almajiran da ke karatu a inuwar wurin da hantsi, da makafi da guragu waɗanda tudu ɗaya na siminti ke iya raba su da wuri har abada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakin nan masu shi da yawa ne.

In kun saurari kowa za ku tarar ba bakinku ɗaya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Mai gidan da ƙwallo ke faɗa wa tsakar gida kullum yana da gaskiyarsa. Matashin da ya gama makaranta ba aiki, yake ganin shago ɗaya zai fitar da shi, yana da tasa. Uwar da ke kwana da fargabar ruwan nan saboda ɗanta mai rarrafe, in ta ce a cike shi, kada wanda ya ce mata ba ta san darajar tarihi ba. Ku yi wannan muhawara a tsakaninku, ku kai ta ƙarshe kafin ranar taro. Kuma ku faɗa wa juna gaskiya a kan abu ɗaya: in shaguna ake nufi, akwai yiwuwar a yi wa wasu daga cikinku alkawarin shago ɗai-ɗai don su yi shiru. Na ga wannan ya wargaza ƙungiyoyi masu ƙarfi. Ku yi yarjejeniya tun yanzu, a gaban liman, cewa duk wanda aka tuntuɓa a keɓe zai kawo maganar gaban kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da za ku shiga da shi

Ku sayi littafin rubutu, ku raba wa matasa aiki na mako guda. Daga asuba zuwa bayan isha, duk awa ɗaya wani ya tsaya ya rubuta mutum nawa ne a filin, su wane ne, me suke yi, ta ina suka shigo. A haɗa da Juma'a da ranar makaranta. A zana taswira ko da hannu ne, a sa kowace bishiya, kowace hanyar ƙafa, kowace kwata da ke zuba a kududdufin, a bi ta a ga daga gida nawa take fitowa. A ɗauki hoton alamar da ruwan bara ya bari a jikin bango, a tsayar da mutum kusa da ita don a ga tsayinta. A kwamfuta, manhajar Google Earth tana nuna tsofaffin hotunan sama na shekarun baya, kuma ganin yadda kududdufin ke tsukewa shekara bayan shekara yana sa jami'i ya gyara zama. A zauna da tsofaffi biyu ko uku a naɗi muryarsu a waya: sunan kududdufin na asali, wa ya bar filin, ko an taɓa yin wakafinsa, wace shekara ruwa ya fi ɓarna.

Daga nan ku rubuta wa hukuma takarda kuna neman sanin matsayin filin a taswirarta, da ko akwai wata takardar mallaka a kansa. Ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ku ba kansila da ɗan majalisarku kwafi, kuma duk inda kuka kai takarda ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. In ƙungiyarku ba ta da rajista, ku yi, domin ofis da suna mai rajista yake mu'amala.

Kada kuma ku je da "ba mu yarda ba" kaɗai. Wanda ya zo da ƙi zalla, ana jiran ya gaji ne. Ku je da naku tsarin.

Me za a yi da kududdufin?

Cike shi gaba ɗaya shi ne abin da ya fi saurin zuwa zuciya, kuma shi ya fi haɗari. Ruwan da yake ɗauka ba ɓacewa zai yi ba, zai nemi wuri mafi gangare na gaba, wanda yawanci tsakar gidan wani ne. Unguwanni da dama a Kano sun fara ganin ambaliyar da ba su saba gani ba bayan an cike kududdufansu an yi gini. Ginin da aka ɗora a kan cikon shara kuma ƙasarsa na ci gaba da zama shekara da shekaru, bango ya tsage, daɓe ya lotsa. Barinsa yadda yake shi ma ba mafita ba ne: sauro, wari, ruwan masai da wasu ke sakowa, da haɗarin nutsewar yara. Abin da na fi karkata gare shi a irin wannan hali shi ne a rage faɗinsa kaɗan in ya zama dole, a yashe shi ya yi zurfin da zai ɗauki ruwan da yake ɗauka, a ɗaure bakinsa da dutse, a yi shinge a ɓangaren da ke da zurfi, a fitar masa da mafita zuwa lambatu don in ya cika ya san inda zai bi, a kuma raba shi da ruwan masai. Juji ba ya tashi sai an ba mutane wani wurin zuba shara da ake kwashewa, in ba haka ba cikin wata uku zai dawo. Ban taka bakin naku ba, kuma wannan hukunci ne da sai injiniya ya ɗauki gangaren ƙasa ya lissafa yawan ruwan da ke shigowa. Ku nemi ɗaya, da wuya a rasa ɗan unguwa ko surukin unguwa a Jami'ar Bayero ko wata kwalejin fasaha da zai taimaka.

Filin kuwa, shawarata ita ce ku yi ƙoƙari a bar tsakiyarsa a buɗe. Darajarsa tana cikin cewa da safe makaranta ne, da yamma filin ƙwallo, gobe wurin jana'iza, jibi wurin biki. Duk abin da aka kafa a tsakiya, ko marmaro ne ko dandamalin siminti, ya kashe uku daga cikin huɗun nan. Abin da wuri irin wannan ke buƙata a ƙasarmu mai zafi kaɗan ne: inuwa a gefe, wurin zama a ƙarƙashin inuwar, haske da dare, da hanyoyin shiga a daidai inda ƙafa ta riga ta nuna. Maganin masu shaye-shaye idon mutane ne da haske. Katanga mai tsayi ɓoye su take yi. Mai shayi ɗaya da ke kai wa sha ɗayan dare ya fi ƙofar ƙarfe tsare wuri. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari. Durumi da cediya sun fi ta inuwa mai sanyi, amma a nisanta su da magudana da tushen gini saboda saiwarsu. Kowace bishiya a kewaye ta saboda awaki, a kuma rubuta sunan gidan da zai riƙa ba ta ruwa rani biyu na farko. In hukuma ta dage sai an yi shaguna, za ku iya neman a taƙaita su a layi ɗaya ta bakin titi, a rubuta cewa wani kaso na hayarsu na kwashe shara ne da yashe magudana. Wannan ya fi a rasa duka.

Darasin Orangi

Misalin da na fi komawa gare shi daga Karachi ta Pakistan yake. Orangi babbar unguwar talakawa ce da mutane suka gina da kansu, a da ƙazantar ruwa na gudana a lunguna. A 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can, kuma watanninsa na farko yawo ya yi yana sauraron mutane. Tsarin da suka fito da shi ya ɗauki lungu a matsayin tushe: gidaje 20 zuwa 40 da suka san juna su zaɓi mutum ɗaya, su tara kuɗinsu, su haƙa su shimfiɗa bututun lungunsu. Ma'aikatan shirin ba su riƙe kuɗin kowa ba, nasu shi ne awo da taswira da aron kayan aiki da koyarwa. A hankali gidaje wajen 100,000 suka sami magudanar ƙarƙashin ƙasa ta wannan hanya, a kan kuɗi ƙasa ƙwarai da na kwangilar gwamnati. Abin da ya fi muhimmanci gare ku shi ne rabon aikin da suka tsaya a kai: na cikin gida da na lungu na mazauna ne, babban bututu da wurin tace ruwa na gwamnati ne. Mu da muka gaji aikin gayya, kuma ƙungiyoyi irin taku suke yashe kwatoci duk gabanin damina, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma ku riƙe iyakar nan da kyau. Taimakon kai da kai bai kamata ya zama dalilin da hukuma za ta naɗe hannu ba. Ku ɗauki shara da bishiyoyi da tsaro, ku bar mata yashe kududdufi da lambatu, a kuma rubuta wa ke da wane.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya wajaba in faɗa maka. Perween Rahman, wadda ta jagoranci shirin daga baya, ta yi shekaru tana zana taswirar filaye da unguwannin da masu handamar ƙasa ke hari. An harbe ta a watan Maris na 2013 tana komawa gida daga aiki. Maganar fili a babban birni maganar kuɗi ce mai yawa. Kada ka zama kai kaɗai ne fuskar wannan al'amari. Kowace takarda ta fita da sunan ƙungiya da sa hannun mutane da yawa, kowace ziyara a je a ƙungiyance, kuma a guji zagi da ambaton sunan mutum a Facebook kan abin da ba a tabbatar ba.

Inda ƙarfinku ya tsaya

Ba zan yi maka alkawarin nasara ba. A ƙarshe doka gwamna ta ba wuƙa da nama, kuma na ga unguwannin da suka yi duk abin da na lissafa, katafila ta zo duk da haka. Kotu tana nan, amma tana da tsada da jinkiri, sai da lauya kuma sai in an taka wata ƙa'ida a fili. Akwai kuma al'amuran da suka fi ƙarfin unguwa ɗaya: ruwan da ke shigo muku daga unguwar sama yake, wanda kuka sallama kuma wata zai tarar kafin ya kai Jakara ko wani rafin, don haka ku nemi maƙwabtanku tun da wuri. Wani lokacin ma rinjaye kan zaɓi abin da zai cutar, kamar a ce kowa ya yarda a cike ramin, kuma a nan wajibin mai ilimin abin ne ya ce a'a ya kawo dalili, ko da ba a so. Sannan mutane suna gajiya. Taro na farko wuri ya cika, na biyar ku shida ne. Abin da ke riƙe su shi ne su ga wani abu ya tabbata, ko ƙarami ne. A Porto Alegre ta Brazil, inda tun 1989 aka fara bai wa mazauna damar zaɓar ayyukan da za a sa a kasafin birni, mutane sun riƙa ƙaruwa a taro ne saboda sun ga titi da magudanar da suka zaɓa an yi su. Ku ma ku fara da abin da ke hannunku: ku kwashe jujin gefe ɗaya, ku dasa bishiya goma, kafin ma a kira ku. Ku kuma nisanta ƙungiyar da tutar kowace jam'iyya, domin filin zai fi kowace gwamnati daɗewa.

Ranar taron, ku zaɓi mutum huɗu da za su yi magana: dattijo ɗaya ya ba da tarihi, mace ɗaya ko wakiliyar da mata suka zaɓa, matashi ɗaya ya karanta abin da littafin ƙidaya ya nuna, kai kuma ka miƙa tsarinku a rubuce ka nemi ranar amsa. Ku gayyaci jami'an su taka zuwa bakin kududdufin tare da ku, gara ma a yi taron a can. In kuma aka yi ruwa mai ƙarfi kafin ranar, kada ku zauna a gida. Ku fita da wayoyinku tun ana yayyafi, ku ɗauki kowace kwata tana zuba, ku kafa sanda a bakin ruwan ku yi mata alama, ku dawo bayan awa shida ku sake dubawa, ku rubuta kwanan wata.